Abin da ya kamata ku sani game da karɓar lamba daga hannun mutum a Python 2 da Python 3

Mai koyon rubuta manhajar kwamfuta da harshen Python yakan ci karo da wani abin ɗaure kai tun a makon farko. Ya kwafi layuka uku ko huɗu daga wani littafi, waɗanda aikinsu shi ne su tambayi mutum lamba biyu su haɗa su. Ya buga 5, ya buga 3, kwamfuta ta ce amsa ita ce 53. Wani kuma ya kwafi misali daga bidiyo, tun kafin a tambaye shi komai kwamfuta ta ce ba ta san wani abu mai suna raw_input ba. Idan hakan ya taɓa faruwa da ku, kwamfutarku lafiyarta ƙalau, kuma mai yiwuwa littafin ma bai yi ƙarya ba. An rubuta shi ne don wata sigar Python dabam da wadda ke kan na'urarku.

Mene ne Python, kuma me ya sa ake maganar siga biyu?

Python harshe ne na ba kwamfuta umarni. Wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya ƙirƙiro shi, ya fitar da shi ga jama'a a 1991. Python 2 ya fito a shekarar 2000, aka yi shekaru ana rubuta littattafai da manhajoji da shi. A watan Disamba na 2008 aka fitar da Python 3, wanda da gangan aka sauya masa wasu dokoki don a gyara abubuwan da aka ga sun zama tarko. Sakamakon haka, abin da aka rubuta don na 2 ba lallai ya yi aiki a na 3 ba. Sigogin biyu sun daɗe suna tafiya tare, har zuwa ranar 1 ga Janairun 2020 da aka daina kula da Python 2 a hukumance. Fitowarsa ta ƙarshe ita ce 2.7.18, a watan Afrilun wannan shekarar.

An daina kula da shi, amma bai ɓace ba. Yana nan cikin tsofaffin littattafai, da bidiyoyin koyarwa, da kwamfutocin da ba a taɓa sabunta su ba.

Me ke faruwa idan mutum ya buga lamba?

Nan ne tushen maganar duka. Duk abin da mutum ya buga a allon madannai, a matsayin rubutu yake isa wurin manhaja. Ku da kuka buga 25 kuna ganin ashirin da biyar ne, amma abin da manhaja ta karɓa shi ne alamar 2 sai alamar 5 a bayanta, kamar yadda za ta karɓi harafin b da harafin a. Rubutu da lamba iri biyu ne a wurin Python, kuma alamun lissafi suna yi musu aiki dabam-dabam. Alamar tarawa tana haɗa lambobi, amma a kan rubutu liƙa su take yi, shi ya sa 5 da 3 suka zama 53. Idan kuka ninka rubutun 5 sau uku, 555 za ku samu, ba 15 ba. Idan kuma kuka gwada girma tsakanin rubutun 10 da rubutun 9, Python zai ce 9 ya fi, domin harafi-harafi yake dubawa kamar mai jera kalmomi a ƙamus, kuma 1 yana zuwa kafin 9.

Saboda haka dole a samu wanda zai mayar da rubutun nan lamba. Bambancin sigogin biyu shi ne wane ne ke yin wannan aikin, kuma ta wace hanya.

Mene ne bambancin input na da da na yanzu?

Python 2 yana da umarni biyu na karɓar amsa. Na farko shi ne raw_input, wanda ke miƙo muku abin da aka buga a matsayin rubutu, bai taɓa shi ba. Na biyu shi ne input, wanda ke karɓar rubutun sannan ya miƙa shi ga wani umarni mai suna eval. Aikin eval shi ne ya ɗauki rubutu ya gudanar da shi tamkar layi ne daga cikin manhajar. Idan an buga 25, eval zai karanta shi yadda Python ke karanta 25, ya dawo da lamba. Shi ya sa tsofaffin littattafai ke amfani da input kai tsaye wajen lissafi, kuma lissafin yana fita daidai.

A Python 3 an cire wancan tsohon input ɗin baki ɗaya, aka ɗauki raw_input aka sa masa sunan input. Wato suna ɗaya ne, amma aiki ya sauya. Input na yanzu rubutu kawai yake dawowa da shi, ko da lamba aka buga, raw_input kuma babu shi. Da farko ma an yi niyyar cire su duka biyun, sai masu koyar da Python suka nuna cewa mai koyo yana buƙatar hanya mai sauƙi ta yi wa mutum tambaya. Takardar shawara mai lamba PEP 3111 ce ta tsayar da matsayar da ake kai yau.

Wataƙila za ku ce: ai tsohon ya fi sauƙi, me ya sa za a cire abin da ke rage wa mutum wahala?

Wace illa tsohon input ke da ita?

Ku ɗauka kun ba yaron shago takarda ya kai wa maigida, sai shi kuma ya buɗe ta a hanya, ya karanta, ya aiwatar da duk abin da ke ciki da kansa. Muddin takardar ta ce "kawo buhu biyu", ba wanda zai lura. Ranar da wani ya rubuta "buɗe akwatin kuɗi", a ranar za a gane matsalar. Haka tsohon input yake. Ba lamba yake nema ba, umarni yake gudanarwa. Wanda ya san Python zai iya buga layi guda a wurin da aka tambaye shi shekarunsa, layin ya kira sashen os mai magana da tsarin kwamfuta kai tsaye, ya goge fayiloli ko ya leƙa abin da bai kamata ya gani ba. Kuma ba ya buƙatar wata dabara mai zurfi, ƙofar a buɗe take.

Ko babu mugu a kusa, mutanen kirki ma suna faɗawa ramin. Idan manhaja ta tambayi suna da tsohon input aka buga Audu, za ta tsaya da kuskuren da ake kira NameError, domin ta ɗauka Audu sunan wani abu ne a cikin manhajar, ta neme shi ba ta samu ba. Wannan ma da sauƙi, tunda an ga kuskuren. Mafi muni shi ne wanda ke wucewa shiru.

Ga misalin sifili a farkon lamba. A Python 2, lambar da ta fara da 0 ana karanta ta ne da ƙidaya mai tushe takwas, wato ƙidayar da ke amfani da 0 zuwa 7 kawai, inda kowane gurbi ke ninka na bayansa sau takwas maimakon sau goma. Don haka wanda ya buga 010, takwas manhaja za ta karɓa. Wanda ya buga 050, arba'in za ta karɓa, kuma ba za ta ce uffan ba. Idan kuwa akwai 8 ko 9 a cikin lambar, kamar lambar wayar da ta fara da 0803, sai manhajar ta tsaya cak, domin babu 8 a waccan ƙidayar.

Sai waƙafi. Mu a Najeriya mun saba rubuta dubu ɗaya a matsayin 1,000. Tsohon input zai ga waƙafin ya ɗauka abubuwa biyu aka ba shi, 1 da 0, ya haɗa su a jere guda. A Nijar kuma, inda ake bin tsarin rubutun Faransanci, biyu da rabi ana rubuta shi 2,5 ne, shi ma sai ya zama 2 da 5 a jere. A duka biyun ba a nan take manhajar ke tsayawa ba, sai can gaba wajen lissafi, inda gano asalin matsalar ya fi wuya. A ganina cire wannan umarni yana cikin gyare-gyaren da suka fi amfani a Python 3, duk da cewa shi ne ya fi rikita masu koyo.

To yaya ake karɓar lamba daidai?

Mataki biyu ne: a karɓi rubutu, sannan a mayar da shi lamba da hannu. Umarnin int yana mayar da rubutu cikakkiyar lamba, wato wadda ba ta da gutsure, kamar 12 ko 300. Umarnin float yana mayar da shi lamba mai ɗigo, kamar 2.5. A Python 3 za ku rubuta int(input()), a Python 2 kuma int(raw_input()). Ta wannan hanyar 050 hamsin ne a sigogin biyu, domin int ƙidayar goma yake bi idan rubutu aka ba shi.

Sai dai int ba ya lallashi. Yana yafe sarari a gaba ko a bayan lamba, yana karɓar alamar ragi, amma idan aka ba shi 3.5, ko 1,000, ko kalmar goma da haruffa, ko mutum ya danna maɓallin shigarwa bai rubuta komai ba, zai tsayar da manhajar da kuskuren ValueError, ma'ana abin da aka ba shi ba ya mayuwa lamba. Wannan ba aibi ba ne, hanyarsa ce ta gaya muku a sake tambaya. Abin da ya rage gare ku shi ne ku tare kuskuren kafin ya kashe manhajar:

while True:
    amsa = input("Buhu nawa? ")
    try:
        buhu = int(amsa)
    except ValueError:
        print("A rubuta lamba, kamar 12")
        continue
    if buhu > 0:
        break
    print("Sai lambar ta wuce sifili")

Layin farko yana cewa a yi ta maimaitawa. Kalmar try tana nufin a gwada abin da ke ƙarƙashinta, except kuma tana faɗin abin da za a yi idan gwajin ya ci tura: a nan, a nuna saƙo a koma tambaya. Idan rubutun ya mayu lamba, sai a duba ko lambar tana da ma'ana, domin int zai karɓi -4 da hannu biyu alhali babu wanda ke sayen buhu ragi huɗu. Kalmar break ita ce ke fitar da mu daga maimaitawar idan komai ya yi daidai.

Za ku ga wasu suna amfani da isdigit su duba ko rubutun lambobi ne zalla kafin su mayar. Yana aiki a wasu wurare, amma yana ƙin -5 da 2.5, sannan yana amincewa da ƙaramin ² da ake ɗorawa a saman lamba, wanda int kuma ba ya karɓa. Gwadawa da tare kuskure ya fi tabbas.

Batun waƙafi kuwa shawara ce da ku za ku yanke, Python ba zai yanke muku ba. Kuna iya share duk waƙafi kafin ku mayar, 1,000 ya zama 1000. Amma idan mutumin Maraɗi ya buga 2,5 yana nufin biyu da rabi, wannan sharewar za ta mayar masa da shi 25. Idan manhajarku za ta tsallaka iyaka, ku faɗi yadda kuke so a rubuta a cikin tambayar kanta. Ku kuma faɗi ma'auni: a kasuwannin Nijar da dala ake ƙidayar kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce, don haka tambayar "nawa?" ita kaɗai ba ta isa ba.

Idan an samu lambar, an gama ke nan?

A'a, domin lissafin kansa ya sauya tsakanin sigogin. Babban sauyi shi ne rabawa. A Python 2, idan aka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, ana zubar da gutsuren: 7 / 2 yana ba da 3. A Python 3 yana ba da 3.5. Ɗalibin da ya ci 69 da 70, matsakaicin makinsa 69 ne a tsohuwar siga, 69.5 a sabuwa, kuma a jami'o'in da 70 ne mafarin A wannan rabin makin ba wasa ba ne. Idan zubar da gutsuren kuke so da gaske, alamar // tana yin haka a duka biyun.

Umarnin round, mai kai lamba ga cikakkiyar da ta fi kusa, shi ma ya sauya. Python 2 yana mayar da 2.5 zuwa 3.0. Python 3 yana mayar da shi 2, amma 3.5 ya mayar da shi 4, domin idan lamba ta tsaya a tsakiya daidai, yana zaɓar wadda ke rabuwa biyu ba saura.

Akwai kuma wani tarko ga wanda ya manta bai mayar da rubutu lamba ba. A Python 2 an yarda a gwada girma tsakanin rubutu da lamba, kuma kullum rubutu ne ke rinjaye. Manhajar da ke duba ko mutum ya kai shekara 18 za ta wuce da ɗan shekara 7 idan da raw_input aka karɓa aka bar shi a rubutu. Python 3 yana ƙin wannan gwajin, ya tsaya da kuskuren TypeError. Tsayawar tana da ban haushi, amma ta fi amsar ƙarya.

Game da kuɗi, float ba abin dogaro ba ne a kowace siga. Kwamfuta da ƙidayar 0 da 1 take ajiye lambobi, kuma 0.1 ba ya zama daidai a wannan ƙidayar. Ku tara 0.1 da 0.2 a Python 3, za ku ga 0.30000000000000004. Umarnin print na Python 2 yakan nuna 0.3, amma ɓoye ragowar kawai yake yi, tana nan. Masu rubuta manhajar kuɗi sukan ajiye komai a kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko su yi amfani da Decimal, wanda ke lissafi da ƙidayar goma. Idan za ku yi amfani da shi, ku miƙa masa rubutun kai tsaye, kada ku bi ta float tukuna. Ku kuma sani float yana karɓar kalmomin inf da nan a matsayin amsa ingantacciya: ta farko tana nufin mara iyaka, ta biyu tana nufin abin da ba lamba ba. Idan ba ku duba ba, za su shige cikin lissafinku su lalata shi.

Duk abin da aka rubuta da lambobi ne ake mayarwa lamba?

A'a. Lambar waya, lambar asusun banki mai alƙaluma goma, da lambar katin ɗan ƙasa duk shaida ce, ba adadi ba. Ba wanda ke tara lambar waya da wata. Idan kuka bi da su ta int, sifilin farko zai faɗi, asusun da ya fara da 0 ya koma mai alƙaluma tara. Ku bar su a rubutu, ku duba tsawonsu kawai da cewa babu harafi a ciki.

A cikin Python 3 kansa babu bambanci?

Akwai, sai dai ƙanana ne. Daga Python 3.6 na 2016, int yana karɓar layin ƙasa a tsakanin alƙaluma, 1_000 ya zama dubu. Daga 3.11 na 2022, int yana ƙin rubutun da ya wuce alƙaluma 4300, kuma an kai wannan dokar ga wasu sigogin da suka gabace shi. Dalili shi ne mayar da lamba mai tsawon gaske yana cin lokaci sosai, har mugu zai iya aika irinta ya daskarar da kwamfutar da ke riƙe da shafin intanet. Mai rubuta manhajar shago ba zai taɓa kaiwa wannan iyakar ba.

Wani abu mai daɗi ga masu bugu da allon Larabci, kamar 'yan'uwanmu na Sudan da Chadi: int na Python 3 yana gane alƙaluman Larabci, ٤٢ ya zama 42 ba tare da wani ƙarin aiki ba.

Wa abin ya shafa, kuma yaya zan gane sigar da nake da ita?

Ya fi shafar masu koyo da kansu daga littattafai da bidiyoyin da aka samu kyauta, sai malaman da ke koyarwa da tsohuwar takardar darasi, sai ma'aikacin da ya gaji wata 'yar manhaja daga wanda ya bar aiki. Don sanin sigarku, ku buga python --version a tagar umarni. A wasu kwamfutocin akwai sigogin biyu tare, python yana kiran tsohuwar, python3 yana kiran sabuwar, don haka ku gwada duka. Kamfanin Apple ya cire Python 2 daga kwamfutocinsa a 2022, manyan nau'o'in Linux ma sun koma na 3.

Gane littafi ya fi wannan sauƙi. Idan kuka ga raw_input, ko kuka ga print ba tare da baka biyu a bayansa ba, na Python 2 ne. Darasin da ke ciki yana iya zama mai kyau, amma misalan sai an gyara.

Nawa ne kuɗin gyarawa?

Python kyauta ne, ana sauke shi daga shafinsa ba a biyan ko kwabo, in ban da kuɗin data. Abin da za ku kashe lokaci ne. Mai farawa yau ba shi da dalilin koyon Python 2. Wanda kuma dole manhajarsa ta yi aiki a duka biyun, akwai 'yan layuka da aka saba sawa a samanta:

try:
    input = raw_input
except NameError:
    pass

A Python 2 wannan yana ɗora sunan input a kan raw_input, ya rufe hanyar mai haɗari. A Python 3 babu raw_input, sai a tare kuskuren a wuce. Akwai kuma kunshin umarni mai suna six, wanda Benjamin Peterson ya rubuta don irin wannan aikin.

Ku yi hattara da 2to3, manhajar da ta daɗe tana zuwa tare da Python don fassara tsohon rubutu zuwa sabo, wadda aka cire a sigar 3.13 ta 2024. Ba ta san nufin marubuci ba, don haka duk inda ta ga tsohon input sai ta mayar da shi eval(input()), domin aikin ya kasance yadda yake a da. Wato ta kwaso haɗarin ta kawo shi sabuwar siga. Shawarar da wasu ke bayarwa cewa a sa eval don 5 da 3 su koma 8, ita ma wannan ramin ce. Idan kuka gaji manhajar da aka fassara, ku bincika kalmar eval a cikinta, ku tsaya a kowane wuri ku duba abin da ake tambaya: idan ƙidaya ce ku sa int, idan awo ne ku sa float, idan kuɗi ne ku sa Decimal, idan suna ne ko lambar waya ku bar input shi kaɗai.